Wasiƙa zuwa ga sabar ofishinmu a Kafanchan

Zuwa ga sabar ofishinmu,
ɗakin ajiya, bayan teburin ma'aji.



Jiya da la'asar na shigo na kashe ki, na fitar da ke tsakar gida, na kwance murfinki na hure miki ƙura. Hunturun bana bai raga miki ba. Jar ƙasa ta taru a fukafukan fankarki har ta dunƙule kamar auduga, kuma da na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe miki agogo, na tarar ya daɗe da mutuwa. Na sa sabo, na mayar da ke kan bencinki kusa da imbata, na kunna ki, na zauna ina sauraren gurnaninki har kika gama farkawa. A zaman nan na ƙudura zan rubuto miki. Ranar Asabar kwamitin ƙungiya zai zauna a kanki, ko a bar ki, ko a sauke ki a kawo wata, kuma an ce in zo da bayani. Shekarun da muka yi tare sun wuce in je in yi maganarki a gaban jama'a ban fara faɗa miki ba.

Masu mayar da manhajoji Hausa sukan kira ki uwar garke. A ofis ba mai ce miki haka, saba kowa ke cewa, amma sunan yana yi mini daɗi don ya faɗi aikinki. Garkenki kwamfutoci tara ne, duk a kan tebur, kowacce da shuɗiyar igiya a bayanta. Kina riƙe da kundin nan da Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000, Active Directory, inda aka rubuta sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta da abin da aka yarda kowa ya taɓa. Duk abin da ke cikin kundin nan shi ake kira domen, wato gandunki. Kwamfutar da aka shigar ciki tana da wani sirri tsakaninta da ke, kin san ta yadda Baba mai gadi ya san takun kowannenmu tun bai leƙo ba. Ma'aikaci ya zauna da safe ya buga kalmar sirrinsa sau ɗaya, sai ki yanka masa tikiti, ya yini yana shiga folda yana fita ba mai sake tare shi. Tsarin tikitin nan Kerberos ake ce masa, a jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Ɗan Kafanchan ba ya buƙatar dogon bayani a kai. Tun 1927, da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, muke garin tikiti, kuma duk wanda kakansa ya yi aiki a loko, wato ma'aikatar jirgin ƙasa, ya san tikiti yana da ranarsa da lokacinsa. Naki awa goma yake yi, kuma in agogon mai riƙe da shi ya saɓa da naki da fiye da minti biyar, ba kya karɓa. Shi ya sa mutuwar ɗan batirin nan ba ƙaramar magana ba ce a garin da wuta ke tafiya ba sallama.

Abin da kike ajiyewa kuwa amanar mutane ce. Sunayen manoman citta daga Kwoi da Kachia da gefen Kagarko, matan da ke karɓar ƙaramin rance a Kagoro da Zonkwa da Godogodo, hoton katin kowa, lambar asusunsa, abin da ya karɓa da abin da ya biya. Sai dai mutanen da ke kawo miki waɗannan bayanai ba su da tebur. Ma'aikatanmu na fili su shida ne, ofishinsu bayan babur, kwamfutarsu a aljihu: Tecno, Infinix, itel, da tablet biyu da ƙungiya ta saya musu. A wurinki wayoyin nan duk baƙi ne. Ba sa cikin kundi, ba a yanka musu tikiti, sai su bi ta tsohuwar ƙofar da ake kira NTLM, inda ake tambayar suna da kalmar sirri duk lokacin da aka yi sallama.

Ban gane nauyin wannan ba sai a daminar 2023, da annoba ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka a gona ya tona ya tarar da laka mai wari. Ƙungiya ta ce a bi gona gona a ɗauki hoto, a rubuta asarar kowa, don a san wanda za a ɗaga wa biyan rance. Suka tafi, suka dawo da ɗaruruwan hotuna. Na ce su zuba a foldar Gonaki. Babbansu ya miƙo mini waya, takalminsa duk taɓo, ya ce, "Yallaɓai, ta ƙi."

Mako uku na yi a kan "ta ƙi" ɗin nan. Abin da ke fitowa a fuskar wayar layi ɗaya ne, wai an kasa haɗuwa, kuma layin nan bai taɓa canzawa ba duk da cewa cututtuka biyar ko shida ne ke kwance a ƙarƙashinsa, ana warkar da ɗaya wata na tasowa.

Ta farko ba ta ɗauki lokaci ba. Rautarmu tana watsa Wi-Fi biyu, na ma'aikata da na baƙi, kuma na baƙin ne aka rubuta kalmar sirrinsa a allon da ke bakin ƙofa. Duk wayoyin a kansa suke. Layin baƙi an yi shi ne don ya kai mutum intanet kawai, ya hana shi ganin komai na cikin gida. Wanda ke kansa yana zaure ne, ko zai shekara yana sallama ba za ki ji ba. Na mayar da su layin ma'aikata.

Ta biyun ita ta fi ba ni wahala, kuma ita nake so duk mai gyaran kwamfuta a ƙasar nan ya sani, don ciwon namu ne. Yau waya ta gan ki, gobe ta rasa ki, alhali ba wanda ya taɓa komai. Alamar Wi-Fi a cike, ke kina nan kina gurnani, kwamfutocin tebur suna aikinsu lafiya lau. Na zargi rauta, na zargi igiya, na taka kujera na canza wa rautar wuri. Sai daga baya na lura ranakun ƙin suna faɗowa daidai da ranakun da datar ofis ta ƙare ba a sabunta ba. Ashe wayar Android, da ta hau Wi-Fi, takan aika ɗan saƙo waje ta gwada ko akwai intanet. In ba ta ji amsa ba, sai ta ɗauka layin ba shi da amfani, ta bar alamar a sama yadda take, ta juya duk harkarta ta bi ta datar layin da ke cikinta. Lambarki kuwa, mai farawa da 192.168, lambar cikin gida ce, ba ta nufin komai a waje, tamkar mutum ya rubuta "ɗaki na uku" a bayan ambulan ya jefa a gidan waya. Wayar tana taku biyar daga inda kike, tana nemanki ta dogon ƙarfen sadarwa da ke bayan gari. Waɗanda suka tsara haka suna gudun kada mutum ya yanke daga duniya ne, kuma a inda intanet ba ya yankewa dabarar tana da kyau. A ofishin da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a sayi data, ita ce ta tsayar mana da aiki. Maganin ko kwabo bai ci ba: a kashe datar waya kafin a nemi folda, ko kuma in wayar ta tambaya ko ta zauna a layin da ba intanet, a ce mata e, kada ta sake tambaya. Na rubuta haka da maka a jikin kwali na manna a ƙofar ɗakinki, yana nan har yanzu, ƙura ta dishe rubutun.

Sai maganar suna. Kwamfutocin tebur da sunanki suke kiranki, domin ke da kanki kike riƙe da littafin da ke mayar da suna lamba, wato DNS, kuma an nuna musu su tambaye ki. Wayoyin kuwa rauta suke tambaya, ita kuma ba ta taɓa jin sunanki ba. Bugu da ƙari, wanda ya kafa ki ya ƙare sunan gandunki da .local, kamar yadda aka saba a ƙananan ofisoshi a da, alhali tun 2013 aka keɓe wannan wutsiyar ga na'urorin da ke shelar kansu a cikin gida ba tare da littafi ba. Waya ta ga .local sai ta yi shela a tsakar gida tana jiran ki amsa, ke kuma ba haka aka koya miki ba. Ƙaramin cikin ma'aikatan fili ma ya sa wa wayarsa wani DNS na waje don ya rabu da tallace-tallace, abin da Android ta ba da dama tun fitowa ta 9 a 2018, saboda haka duk sunan da ya nema sai an je an tambayo wata na'ura a wata nahiya. Na gyara rauta ta riƙa nuna musu ke, na kuma koya musu lambarki su haddace ta kamar lambar wayar gida.

A duk waɗannan ba ki da laifi, sallamar ma ba ta iso kunnenki ba. Daga nan ne aka fara isowa gare ki, kika fara juya baya da kanki.

Harshen da kike magana da shi wajen raba folda sunansa SMB. Barry Feigenbaum ne ya fara shi a kamfanin IBM a 1983, kuma ya yi ta sabuntuwa: na biyu ya zo da Windows Vista, na uku ya zo a 2012, zamanin da aka yi manhajar da ke cikinki. Manhajar da ma'aikatanmu ke buɗe fayil da ita a waya tsohuwa ce, ɗaya ya tura wa ɗaya ta Xender har ta zaga su duka, kuma harshe na farko kaɗai ta iya. Ke kuma na cire miki shi tun 2017. Wani abokin sana'a da na kira ya ce, "Malam, mayar da shi kawai, minti biyu ne." Maganar ta kai kunnen shugaba, ya kira ni ofishinsa ya ce manoma suna jira, in minti biyu ne a yi mana. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu." Na ba shi labarin 12 ga Mayun 2017, ranar da ƙwayar cutar WannaCry ta bi ta wani rami a harshen nan na farko, ta ƙofa mai lamba 445, ta shiga kwamfutoci a ƙasashe sama da 150. Ba ta jiran kowa ya danna komai, da kanta take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura, ta kulle fayiloli ta nemi dala 300. A Ingila asibitoci sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. An toshe wancan ramin tun watan Maris na shekarar, gaskiya ne, amma harshen kansa ba ya ɓoye abin da ke wucewa a kan layi, kuma Microsoft da kansa ya daina sa shi a sababbin Windows 10 daga ƙarshen 2017. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ana so in tsaga shi da hannuna, a gidan da bashin mutum ɗari da ɗari ke rubuce. Shugaba ya yi shiru, ya ce to, kwana biyu.

A nan ina bayanki, kuma zan faɗa a gaban kwamiti. Ƙin da kika yi ranar nan shi ne aikinki. Na nemo manhajar da ta iya harshe na biyu da na uku, wadda kuma ta iya sa hatimi a kowane saƙo, domin ke da kike riƙe da kundin domen ba kya karɓar saƙon da ba hatimi. Wayar shugaba iPhone ce, ita ba ta ma buƙaci komai ba, tun 2019 manhajar Files da ke cikinta ta iya wannan magana. Ya rubuta lambarki ya ga foldoji sun jeru, ya ɗago ya dube ni.

Da aka zo shigar da suna sai wata sabuwa. Kina so a rubuta sunan domen, a sa karan nan da ya jingina baya, sannan sunan mutum. A allon rubutun waya karan nan yana ɓoye a shafi na biyu ko na uku na alamomi, wanda ya sunkuya gaba shi ke kusa, shi kowa ke dannawa. Ina cikin nuna musu ne na tambayi babbansu sunan asusunsa, ya ce ai shi ba shi da asusu. Na tambayi sauran. Ba ko ɗaya. Shekara da shekaru, in sun dawo daga ƙauye, sai su ba wani mai tebur waya ya ja da igiya ya zuba musu. Wanda ya kafa ki tebura ya ƙirga, bai ƙirga mutane ba, ni kuma na gaji kundin na riƙe shi haka ban taɓa tambaya ba. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna mini inda rashin nan ke kaiwa. Ƙarshen wata, ranar biyan albashi, ma'aji ta aiko a kira ni. Dattijuwa ce, ta girmi ƙungiyar ma a aikin lissafi. Ta ce, "Ɗana, na'urar nan ta kulle ni, karo na uku ke nan yau, kuma ban yi kuskure ko sau ɗaya ba." Na ce, "Mama, bari in duba." Na buɗe mata, kafin ta gama shan ruwa kin sake kulle ta. Na shiga littafin da kike rubuta duk abin da ya faru a ƙofarki. Ga lamba 4740, an kulle asusu. A samanta ga 4625 a jere, an gwada shiga an kasa, kowanne da alamar cewa sunan daidai ne, kalmar sirri ce ba daidai ba. Sau biyar muka ce ki jure kafin ki kulle, kuma wani abu yana cinye biyar ɗin cikin ƙiftawar ido. Lambar da yake zuwa da ita ta Wi-Fi ce. Na duba jerin na'urori a rauta ban gane kowa ba, domin tun Android 10 wayoyi suke sa wa kansu lambar aro a kowane layi don kada a riƙa bin sawunsu. Sai na roƙi kowa ya kawo wayarsa. Muka jera su a teburin Mama, goma sha ɗaya har da tablet biyu, tsakanin kalkuleta da tarin rasit. Ina kashe Wi-Fi ɗaya bayan ɗaya, idona a kan littafinki. A ta takwas layukan suka tsaya cik. Tablet ɗin da ke zuwa Kwoi ce. Mama ta dafa goshi ta ce ta tuna. Watanni baya yaron da ke riƙe da ita ya zo da rasit da yamma, kowa ya tashi, ta tausaya masa ta buga masa sunanta da kalmar sirrinta. Daga baya ta canza kalmar, tablet ɗin kuwa ta riƙe tsohuwar, da ta shaƙi iskar ofis sai ta hau buga ƙofa da mabuɗin da ya daina aiki. Tsawon watannin nan, mabuɗin foldar albashi da ta rance yana yawo a jakar bayan babur tsakanin Kafanchan da Kwoi. Kirki ne ya jawo haka, ba mugunta ba, kuma ba don an hana yaron nasa mabuɗin ba da Mama ba ta ba shi nata ba.

A ranar na buɗe wa ma'aikatan fili su shidan asusu, kowa da nasa, na haɗa su a rukuni ɗaya. Ko a nan sai da kika tuna mini cewa kwaɗo biyu ne a kowace folda, ɗaya a kan rabon, ɗaya a kan fayilolin kansu, kuma wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Suna ganin folda, suna buɗewa, ba sa iya ajiyewa. Na daidaita biyun: su zuba a Gonaki da Rasit, kada su goge, kada su ga Albashi.

Yanzu ga ƙorafina. Duk abin da ya faru a ƙofarki kin sani, kin rubuta shi dalla dalla da lambarsa da daƙiƙarsa, amma a ɗakin da ni kaɗai ke da mabuɗi. Na san hikimar: mai gadi ba ya gaya wa ɓarawo wane haƙorin mabuɗi ne bai zauna ba. Amma wanda ya tsaya a ƙofarki da yamma, ya sha hanya tun daga Kachia, ba ɓarawo ba ne, kuma abin da ya iso hannunsa layi ɗaya ne da ba ya gaya masa ko laifinsa ne, ko na waya, ko naki. Mutum in ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, zagayawa yake yi. A makonni ukun nan hotunan gonaki ta WhatsApp suka bi. WhatsApp kuwa, don ya rage wa mutane cin data, yakan matse hoto ya kuma cire bayanan da kamara ke ɓoyewa a ciki, har da inda aka ɗauka. Da muka zo tantancewa, ga hoton ruɓaɓɓiyar citta, amma ba abin da ke shaida gonar wane ce, sai da aka sake komawa wasu ƙauyukan, aka sake ƙona mai. Hotunan katin mambobi ma ta nan suka bi, suka zauna a wayoyin mutane tare da hotunan biki da na suna. Ɗaya daga cikin wayoyin ta faɗi a tasha ba a sake ganinta ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. Ko ba doka, matar da ta miƙo katinta a Godogodo ba ta ba mu shi don ya kwana a tasha ba. Ina tuna wayar nan har yau.

A kwamiti akwai masu cewa a yar da ke a koma ajiya a intanet gaba ɗaya. Ban raina ra'ayinsu ba, yana da nasa alherin: ma'aikaci zai tura aiki daga inda yake. Amma irin wannan ajiya kuɗinta kan kowane mutum ne duk wata, da dala ake lissafa shi, kuma kowa ya ga inda dala ta kai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Akwai gonakin da sai an hau tudu ake samun sabis. Hoto ɗari uku da zai cinye datar mako, a Wi-Fi na ofis minti kaɗan yake yi ya iso gare ki ba a biya ko sisi ba. Akwai kuma masu cewa a buɗe ƙofarki ga intanet don a riƙa shigowa daga ƙauye. Wannan kam ba da ni ba. Ƙofa 445 ba a barin ta tana kallon titi. In za a shigo daga nesa, sai ta rufaffen lungu irin na VPN, shi ma sai an yi dabara, domin layin datar da muke amfani da shi ba ya ba mu lambar kanmu a intanet, mu da ɗimbin jama'a muke raba ɗaya.

Wani dattijo a kwamiti ya ce irin wannan aiki sai Kaduna ko Abuja. Zan tuna masa, cikin ladabi, cewa a Bayan Loko, nan cikin garinmu, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta koyar da kwamfuta tun mutane da yawa a birni ba su taɓa linzami ba. A 2001 cibiyarta ta koyo, ƙarƙashin Kazanka Comfort, ta ci kyautar Hafkin ta Afirka, karo na farko da aka ba da ita. Daga baya suka kafa Zittnet, suna watsa intanet ta iska daga dogon ƙarfe zuwa wurare a kewayen Kafanchan, da hasken rana da batura, a cikin wannan ƙurar da wannan zafin. Garin nan ya daɗe da sanin yadda ake haɗa layi da layi.

Saura abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Manhajar da ke cikinki, Windows Server 2012 R2, an daina aiko mata gyaran tsaro tun 10 ga Oktoban 2023. Duk ramin da aka gano bayan ranar nan yana nan a buɗe a jikinki, kuma ni da na ƙi tsaga bango ba zan iya cewa ban ga yana zaizayewa ba. Tsohuwar ƙofar NTLM ma, wadda wayoyinmu ke bi, Microsoft ya sanar a 2024 cewa ya daina raya ta, za a janye ta sannu a hankali. Ba za ki ci gaba yadda kike ba. Ƙarfenki kuwa da sauransa, jiya na ji yadda fankarki ta koma juyawa da sauƙi. Abin da zan kai wa kwamiti shi ne ko a sayi sabon lasisi in aljihu zai ɗauka, ko a bar jikinki a sa miki Linux da Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a 1992, wadda tun ƙarshen 2012 take iya riƙe kundin domen irin naki, kuma ba a biyan kuɗin lasisinta. Zai ci mini darare, na sani, kuma sai na koya wa wani a ofis don kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Duk wadda aka zaɓa, zan nemi a rubuta a takardar zaman cewa ranar da aka ɗauki ma'aikacin fili ranar za a buɗe masa asusu, a sa wa wayarsa makulli, a zaunar da shi a nuna masa hanyar shigowa kafin a ba shi hular babur.

Kafin Asabar zan dawo da faifai biyu in kwashi duk abin da ke cikinki, ɗaya ya kwana a akwatin ƙarfen Mama, ɗaya a gidan shugaba. Gobe Laraba kuma tablet ɗin Kwoi za ta iso da rasit na mako biyu. Datar ofis ta ƙare tun shekaranjiya, amma na gaya wa yaron ya karanta kwalin da ke ƙofarki kafin ya neme ni.

Naki,
mai kula da ke,
Kafanchan.